Ku Karanta Mana Lissafi: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Kulob-Kulob Ɗinmu Da Hukumar Gasar Firimiya Ta Najeriya

Zuwa ga shugaban hukumar gudanar da gasar Firimiya ta Najeriya, da shugabannin kulob-kulob ashirin da ke buga gasar, musamman namu na Arewa, da masu girma gwamnonin da jihohinsu suka mallaki waɗannan kulob-kulob.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon Allah ya yi riƙo da hannayenku a kan amanar da ya ɗora muku.

Ni mutumin Kano ne. Da yamma ina horar da yaran unguwa ƙwallo a filin wata makarantar firamare, kuma ni ne ma'ajin 'yar ƙungiyar tamu. Ba da bakina kaɗai na zo ba. Na rubuto ne da yawun mutanen da muke haɗuwa a layin tikiti a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata rana na dukanmu: masu horar da yara irina, da iyayen 'yan wasa, da masu gidajen kallo, da masu sayar da rake da ruwan leda a bakin fili, da dattawan da suka ga zamanin Raccah Rovers, tsohon kulob ɗin Kano, kuma har yau ba su daina zuwa ba. Mun zauna bayan an rufe kaka, muka tattauna abin da ke damunmu, aka ce ni in riƙe biro.

Kowace shekara haka muke gani. A buga wasan ƙarshe, a ɗaga kofi, a sanar da waɗanda suka faɗa rukunin 'yan dagaji, a shiga cinikin 'yan wasa, a buɗe sabuwar kaka. Duk wannan muna ji a rediyo, muna gani a Facebook. Abu ɗaya ne ba a kira mu a gaya mana: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ake bi bashi, wa ke bin bashi, kuma me kulob ya yi wa garin da yake ɗauke da sunansa. Na bi shafukan kulob-kulob da dama ina neman takarda guda da ta amsa waɗannan tambayoyi. Na samu jadawalin wasanni, na samu hotunan sababbin riguna, na samu gaisuwar sallah. Takardar lissafi ce ban samu ba.

Ku bar ni in gaya muku yadda muke yi a ƙungiyarmu, don ku san ba abin da ya fi ƙarfin mutum muke nema ba. Ina da littafi mai jan bango, irin na 'yan makaranta. Kowane yaro yana kawo naira ɗari biyu a mako, wanda ba shi da shi a ɗaga masa. Wani mai shago a bakin titi yakan saya mana ƙwallo biyu a shekara. Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, mukan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar makarantar, in buɗe littafin nan in karanta da ƙarfi: kuɗin faci, kuɗin ruwa, kuɗin motar da ta kai mu wasa ƙauye, kuɗin ɗaurin da aka yi wa yaron da ya gurɗe. Wata rana lissafi ya ƙi cika da naira ɗari bakwai. Wani uba, mai gyaran babur, ya ce ba za a tashi ba sai an gano su. Muka yi ta komawa baya shafi bayan shafi har aka kira magariba, sannan muka ga ashe kuɗin farar ƙasar da muka zana fili ne na manta ban rubuta ba. Ban ji haushinsa ba. Tun daga ranar iyayen da ke jan ƙafa wajen biya suka fara kawowa da kansu. Idan ƙungiyar da dukiyarta ba ta wuce ƙwallo biyu da raga ɗaya ba tana iya wannan, kulob mai akanta da sakatare da ofis ba shi da hanzari.

Kukanmu na farko a kan kuɗin ne kansa. Yawancin kulob-kulob ɗin gasar nan na gwamnatocin jihohi ne. Kano Pillars ta gwamnatin Kano ce tun da aka kafa ta a 1990. Katsina United, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, Wikki Tourists ta Bauchi, Niger Tornadoes ta Minna, Plateau United, Nasarawa United, Gombe United, duk daga baitulmalin jiha suke ci. Wannan baitulmali kuwa shi ne wanda ake sayen maganin asibiti daga cikinsa, ake biyan malaman firamare, ake haƙa rijiyar burtsatse. Duk nairar da ta tafi kulob, wani wuri aka hana. Ba ma cewa a daina bayarwa. Mu ne za mu fara kuka idan aka daina, domin mun san abin da kulob yake a zuciyar gari. Amma matar da ba ta taɓa taka ƙofar filin wasa ba, da harajinta ake sayen takalmin ɗan wasa, kuma tana da haƙƙin a gaya mata abin da aka yi da shi.

Ba kuma daga gwamnati kaɗai kuɗi ke shigowa ba. Akwai kuɗin ƙofa, wanda mu muke biya da hannunmu. Akwai masu tallata hajarsu a ƙirjin riga da allunan gefen fili. Akwai rabon da ke fitowa daga hukumar gasa. Akwai kyautar kofi, wadda ta tashi daga naira miliyan 100 da Enyimba ta karɓa a 2023, zuwa miliyan 150 na Rangers a 2024, zuwa miliyan 200 na Remo Stars a 2025. Sannan akwai babbar ƙofar da aka fi rufewa, wato kuɗin sayar da ɗan wasa. Yau yaro yana buga mana, gobe mu gan shi a hoto riƙe da rigar wani kulob a Masar ko Tunisiya ko Turai. Mu yi masa murna, mu yi masa addu'a. Nawa aka sayar da shi, nawa dillali ya ɗauka, nawa ya shiga asusun kulob, wannan sai dai a ji a majalisar mai shayi, kowa da adadin da ya ƙaga. Shirun nan ba ku yake karewa ba, ranku ya daɗe. Shugaba mai gaskiya da wanda ba shi da ita, a bakin mutane kuɗin goro ake yi musu, tunda ba takardar da za ta raba su.

Dokar ƙasa ma tana bayanmu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Shekaru da yawa jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025 cewa ta hau. Ba mu so abin ya kai mu ga lauya da kotu tsakaninmu da kulob ɗin da muke ƙauna. Mun fi so ku buɗe littafin da kanku.

Kuka na biyu shi ya fi ci mini rai, don haka ku yi haƙuri in daɗe a kansa. Kafin kulob ya yi maganar taimakon al'umma, al'ummarsa ta farko ita ce yaran da ke zuba masa gumi.

Ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins, ɗan wasan bayan Nasarawa United, ya yanke jiki ya faɗi a filin Lafiya ana tsakiyar wasa da Katsina United, bai kuma tashi ba. Jaridu sun ruwaito cewa motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi a lokacin da aka buƙace ta. Rai na Allah ne, kuma kwana idan ya ƙare ba mai ƙara shi. Amma Allahn da ya rubuta ajali shi ya ɗora mana yin abin da za mu iya. Bayan rasuwarsa an kafa kwamiti, an ce ba za a ƙara busa usur ba sai kayan ceto da likitoci sun cika a fili. To a yau filaye nawa ne ke da na'urar farfaɗo da zuciya mai aiki, da wanda ya iya amfani da ita? 'Yan wasa nawa aka yi wa gwajin zuciya kafin kakar bana? Amsar nan layi biyu ce a takarda. Uwar da ɗanta ke fita fili kowace Lahadi ta cancanci ta karanta layin nan biyu.

Sai hanya. Ƙasar nan faɗi gare ta, kulob zai tashi daga Maiduguri ya nufi Uyo ko Fatakwal a mota. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan hanyar zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A Fabrairun 2021 motar Wikki Tourists ta kama da wuta a Hawan Kibo, Allah ya tsare rayuka, kaya suka ƙone. Duk wanda ya sa hannu a kulob ya san wannan hanya zai riƙa bi. Shin yana da inshora? Da wane kamfani? Nawa za a ba iyalinsa idan ta Allah ta kasance? An taɓa biyan wani? Tambayoyin nan ba tonon asiri ba ne. Ko direban tirela yana yi wa maigidansa irinsu kafin ya karɓi makulli.

Akwai yaron da ya taso a hannuna tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ɗan baya ne mai natsuwa, ba ya magana sai an tambaye shi. Wani kulob ya ɗauke shi, ba zan faɗi sunansa ba. Ranar da ya sa hannu mahaifiyarsa ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta. A kakarsa ta biyu jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wajen atisaye. Aka ba shi maganin kashe zafi, aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Wata uku shiru. Na raka shi ofishinsu sau biyu, muka zauna a benci daga hantsi har azahar, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Albashin watannin da yake bi bai fito ba, balle kuɗin aikin gwiwa. Mahaifinsa ya sayar da 'yar gonar da ya gada aka kai shi asibitin ƙashi. Yanzu yana taya wani ɗan'uwansa sayar da kayan waya, yana ɗingishi kaɗan idan sanyi ya shigo. Yakan zo filinmu wani lokaci ya tsaya daga nesa. Na taɓa ce masa ya shigo ya taya ni koya wa ƙanana, ya ce, "Koci, ka bar ni tukuna." A shekarar da wannan ya faru, na ga hoton shugabannin kulob ɗin nan suna miƙa buhunan shinkafa a gidan marayu. Ban ce kada a kai wa marayu shinkafa ba, Allah ya ba da lada. Amma da akwai takardar da ta tilasta musu rubuta yawan 'yan wasan da suka ji rauni da abin da aka kashe wa kowanne, da sun ji nauyin barin gurbin yaron nan fayau.

Maganar albashi kuwa ba sai na tsawaita ba. Kun sha ganin 'yan wasa sun yi zaman dirshan a ƙofar gidan gwamnati suna neman haƙƙinsu, kun san kuɗin sa hannu da alawus ɗin wasa da ake bin wasu har su yi ritaya. Ɗan wasan da ya yi wata huɗu ba albashi, ga haya, ga mace da ciki, shi ne wanda mai son sayen wasa ke fara nema.

Kuka na uku namu ne, mu masu horar da yaran unguwa. Ɗan wasa ba daga sama yake faɗowa ba. Daga filin Mahaha yake fitowa, daga filayen makarantu, daga gasar unguwanni, daga Kofin Ramat da ake bugawa a nan Kano shekara da shekaru. Dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta san da wannan. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da ke bin sawun irin wannan kuɗi. Sai dai kuɗin yana bin rajista ne. Ƙungiyar da sunanta bai shiga tarihin rajistar yaro ba, ba ta da ko sisi. Abin da ke faruwa da mu shi ne a zo a ɗauki yaro, a ba koci ƙwallo biyu da saitin riguna, a rubuta shi a matsayin wanda ya taso a wata makarantar ƙwallo da bai taɓa kwana a cikinta ba. Muna so kowane kulob ya riƙa bayyana daga ina ya samo kowane yaro, da abin da ya ba waɗanda suka rene shi. Haka nan yaran da ke ƙananan ƙungiyoyinku: nawa ne ke zuwa makaranta, wa ke kula da inda suke kwana, wa yaro zai kai wa ƙara idan babba ya zalunce shi. A cikin ɗari da ke mafarkin zama ƙwararru, 'yan ƙalilan ne za su kai. Sauran fa, da me za ku sallame su?

Yanzu bari in zo kan abin da aka fi kira taimakon al'umma. Na san wasu a cikinku suna yi. Ana kai ziyara asibiti, ana rabon abinci da azumi, ana kai gudummawa idan ambaliya ko gobara ta auku. Na kuma san amsar da wani zai ba ni, domin an taɓa ba ni ita: ai sadakar ɓoye ta fi lada, me ya kawo shela? Gaskiya ne, idan daga aljihunka ta fito, ka ɓoye har hagunka kada ta sani. Amma abin da aka ɗebo daga asusun kulob ba sadakarka ba ce, amana ce, kuma amana rubuta ta ake yi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu. Hoto ba rubutu ba ne. Hoto yana nuna buhu goma a gaba, ba ya faɗin ko ɗari aka cire wa kuɗi. Ba ya kuma faɗin ko an koma gidan marayun nan bayan mai kyamara ya tafi.

Yaranmu sun san Arsenal da Chelsea da Barcelona fiye da yadda suka san kulob ɗin garinsu, kuma a gidajen kallo ana musu a kan kuɗin da suka kashe kamar a gabanmu aka ƙirga. Dalili shi ne can ana bugawa. A Ingila kulob kamfani ne, dole ya kai lissafinsa na shekara ofishin rajistar kamfanoni, kuma ni da ke zaune a Kano ina iya buɗe shi a waya kyauta. Hukumar ƙwallon Turai ta wajabta wa duk kulob mai son shiga gasarta ya wallafa lissafin da odita, wato mai binciken kuɗi, ya duba, har da jimillar abin da ya biya dillalan 'yan wasa. Da lissafin Everton ya nuna asarar da ta wuce iyakar fam miliyan 105 a shekara uku, an zaftare mata maki 10 a Nuwamban 2023, da ta ɗaukaka ƙara aka mayar 6. Wannan Everton ɗin dai tana da gidauniyar al'umma tun 1988, wadda ta buɗe makaranta a 2012 don yaran da makarantun gari suka kasa riƙewa, kuma gidauniyar tana fitar da nata rahoton daban kowace shekara. Arsenal ta fara nata aikin unguwa tun 1985. Barcelona a 2006 ta sa sunan UNICEF, asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙirjin rigarta, maimakon ta karɓi kuɗi ita ce ta riƙa biyan yuro miliyan ɗaya da rabi a shekara a wancan lokacin, kuma kowa ya san adadin. A Jamus, daga kakar 2023/24, bayani a kan yadda kulob ke kula da jama'a da muhalli ya shiga cikin sharuɗɗan samun lasisi.

Za ku ce can Turai ce, kuɗinsu ba irin namu ba ne. Haka ne, kuma ba gina makaranta muke nema daga kulob ɗin da ke fama da kuɗin man mota ba. Amma ku sani su ma ba don kirki kawai suka fara ba, wuya ce ta koya musu. Bury, kulob ɗin da aka kafa tun 1885, wanda ya taɓa cin kofin FA sau biyu, an kore shi daga gasa a Agustan 2019 saboda bashi ya cinye shi, magoya baya suka wayi gari suna kuka a bakin ƙofar filin da aka garƙame. Irin wannan ne ya sa majalisarsu ta yi doka a 2025 ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa duba littattafan kulob-kulob. Mu ma muna da namu kaburburan. Ina Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978? Ina darajar Mighty Jets ta Jos da ta ci ta farko a 1972, da Ranchers Bees ta Kaduna? Kulob ba ya mutuwa rana ɗaya. A hankali yake ruɓewa daga ciki, kuma da ana karanta lissafi da masoyansa sun ji warin tun da sauran gyara.

Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwar rubuto muku shi ne takardar da muke nema ba sabuwa ba ce. Ƙa'idojin lasisin kulob na hukumar ƙwallon Afirka sun riga sun buƙaci kulob ya kawo lissafin kuɗi da odita ya duba, ya kuma nuna ba a binsa bashin albashi. Idan ana cika wannan sharaɗi, to takardar tana cikin durowar wani ofis, fito da ita kawai za a yi. Idan kuma ba a cikawa, to wannan ma abu ne da ya kamata mu sani.

Ba zan rufe ido a kan laifinmu ba. Mu magoya baya mun jawo wa kulob-kulob ɗinmu asara da hannunmu. A Afrilun 2022, a filin Sani Abacha, aka tashi wasan Pillars da Katsina United ba a gama ba, aka farfasa motar baƙi, maƙwabtanmu kuma 'yan'uwanmu. Aka ci tarar kulob, aka cire masa maki, aka kore shi daga gida, a ƙarshen kakar kuma kulob ɗin da ya ci gasa sau huɗu, wanda ya fitar da Al Ahly ta Masar ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ya faɗa rukunin 'yan dagaji. Na yi kwanaki ban iya cin abincin kirki ba. Wannan abin kunya namu ne, ba na kowa ba. Amma ina so ku duba wani abu. Yaron da ke tsallake shinge da dutse a hannu ya riga ya yarda cewa an sayar da wasa, alƙali ya karɓa, shugabanni sun cinye. Sau da yawa ƙarya ce. To da me za mu ƙaryata masa? Idan na ce masa kulob ɗin nan naka ne, kada ka ɓata shi, sai ya ce, "Nawa a ina?" Mutum ba ya jifan abin da aka zaunar da shi aka nuna masa cewa da shi a ciki. Kuma tarar miliyoyin da ake biya saboda rikici, daga baitulmalin nan dai take fita, ita ma a rubuta mana ita mu ga abin da haukanmu ya ci.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ga hukumar gasa: ku sa wallafa rahoton shekara ya zama sharaɗin rajistar kulob, kamar yadda filin wasa yake sharaɗi. Wanda bai wallafa ba kada a ba shi damar sayen ɗan wasa har sai ya yi. Ku fitar da fom guda mai sauƙi da kowa zai cike, don kada wani ya kawo mana littafi mai ƙyalli cike da hotuna ba adadi. Shafi huɗu ya isa: abin da ya shigo da inda ya fito, abin da ya fita, bashin da ake bin kulob har da na 'yan wasa da ma'aikata, cinikin 'yan wasa da rabon dillalai, raunuka da inshora da kayan ceto, yaran ƙananan ƙungiyoyi, sannan aikin al'umma da kuɗinsa da yawan waɗanda suka amfana. Ku kuma fara da kanku. Ku gaya mana abin da masu ɗaukar nauyin gasa da masu nuna ta a talabijin suka biya, da yadda aka raba, da inda kuɗin tara ke tafiya.

Ga shugabannin kulob: kada ku jira a tilasta muku. A 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars, mutumin da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya da rigar kulob ɗin kafin ya tafi Holan, ya buga a Rasha, ya buga a Ingila, ya ga yadda ake yi da idonsa. Akwai irinsa a wasu kulob-kulob, tsofaffin 'yan wasan da suka san zafin bin albashi. Ɗaya daga cikinku ya fara, sauran kunya za ta kawo su. Kulob-kulob masu zaman kansu ma ba mu cire su ba. Ko da kuɗin na mai shi ne, yaran namu ne, filin kuma na jama'a. Ku fitar da rahoton da Hausa da Turanci, a karanta shi a rediyo a shirin wasanni, domin da yawa daga masu biyan kuɗin ƙofa da kunne suke karatu. Sannan sau ɗaya a shekara, kafin a buɗe kaka, ku buɗe ƙofar fili ba don wasa ba, ku zauna a tebur, mu zauna a kan benaye, a karanta, mu yi tambaya. Za a yi hayaniya a karon farko, kada wannan ya tsorata ku.

Ga masu girma gwamnoni da 'yan majalisun jihohi: kada a saki kuɗin sabuwar kaka sai an ga lissafin tsohuwa, kuma babban mai binciken kuɗi na jiha ya duba littafin kulob kamar yadda yake duba na kowace ma'aikata. Ku ware wani kaso sananne, komai ƙanƙantarsa, a rubuce, don jinyar 'yan wasan da suka ji rauni da tallafa wa ƙungiyoyin unguwa, yadda ba zai dogara da halin wanda ke kan kujera ba.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba kujerar kowa muke nema ba, ba mu kuma zo da sunan wata jam'iyya ba. Mun yanke shawarar mu jira zuwa tsakiyar kakar nan. Idan ba mu ji komai ba, za mu rubuta wa ma'aikatun wasanni na jihohinmu takardar neman bayani kamar yadda doka ta ba mu dama, cikin ladabi, kuma duk amsar da aka ba mu za mu karanta wa jama'a ita yadda take. Kafin nan, idan akwai wani a cikinku da ke son ganin yadda ake yi, littafina mai jan bango yana nan, Juma'ar ƙarshen wata bayan la'asar muke buɗe shi, kuma akwai wuri a tabarma.

Allah ya ba mu kaka lafiya, ya kai 'yan wasanmu ya dawo da su lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Mai horar da yaran unguwa, a madadin 'yan'uwansa magoya baya,
Kano.